Coco Chanel, marainiyar da ta sayar wa masu kuɗi sarƙar da ba gwal ba

A bikin ƙanwata da aka yi bara a nan Kumasi, wata 'yar gwaggonmu da ke aure a Turai ta zo da wata tsohuwar sarƙa mai nauyi, da duwatsu ja da kore a jikinta. Da Gwaggo ta ji kuɗin da aka saye ta, sai ta karɓe ta a ɓoye ta kai wa maƙerin zinaren da ta saba da shi, don ta san nauyin gwal ɗin da ke ciki. Mutumin ya goga ta a dutsensa, ya ɗiga mata ruwan gwaji, ya ce wannan ai ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal, duwatsun kuma gilashi ne. Gwaggo ta dawo gida tana salati, wai an damfari 'yarta a ƙasar Turawa. Ita kuwa mai sarƙar dariya ta yi. Ta ce ta sani sarai tun kafin ta biya, kuma abin da ta saya shi ne wani ɗan ƙaramin faranti da ke kusa da maɓallin sarƙar, mai ɗauke da sunan Chanel da lambar shekara. Ashe tara irinsu take yi.

Ni dai abin ya tsaya mini a rai. Kullum ina ganin harafin C guda biyu da suka sarƙe da juna a jikin mayafai da silifa da jakunkunan ɗalibaina, waɗanda ake sayowa a Kejetia, ban taɓa tambayar kaina ko wace ce mai sunan ba. Wannan ya sa na shiga karanta tarihinta.

Sunanta na yanka Gabrielle. An haife ta ranar 19 ga Agusta 1883 a garin Saumur na ƙasar Faransa, a wani asibitin da ake kai talakawa. Mahaifiyarta wankau take yi, mahaifinta kuma ɗan koli ne mai bin kasuwanni, yau yana nan gobe yana can. Tana da shekara 11 mahaifiyar ta rasu. Uban ya tura 'ya'yansa maza aikin ƙodago a gonakin mutane, matan kuma, kamar yadda yawancin masu rubuta tarihinta suka kawo, aka kai su gidan marayu na sistocin Katolika a Aubazine. Daga nan bai sake waiwayarsu ba. A hannun sistocin ta koyi ɗinki.

Wannan yarinta ta zame mata abin kunya har ta mutu. Da ta yi suna, sai ta riƙa ba mutane labarin cewa wasu gwaggwanninta ne masu tsanani suka rene ta, mahaifinta kuma wai ya tafi Amurka neman arziki. Har shekara goma ta rage daga shekarunta. A aji nakan ga yaron da ke ɓoye sana'ar uwarsa don kada a yi masa dariya, saboda haka wannan ɓangaren nata tausayi ya ba ni.

Tana da kimanin shekara 18 ta koma garin Moulins, tana ɗinki da rana, da dare tana waƙa a wani gidan shaƙatawa da hafsoshin soja ke zuwa. A can laƙabin Coco ya bi ta. Ba zan yi wa mai karatu kwana-kwana ba: hanyar da ta bi ta fita daga talauci ba hanya ce da za mu so wa 'ya'yanmu ba. Ta yi zaman dadiro da wani ɗan masu kuɗi, Étienne Balsan, daga baya kuma da abokinsa ɗan Ingila, Arthur Capel, wanda shi ne ya ba ta jari. A 1910 ta buɗe shagon huluna a gida mai lamba 21, titin Cambon a birnin Paris. A 1913 ta buɗe wani a Deauville, a 1915 kuma a Biarritz. Tufafin da take ɗinkawa marasa nauyi ne, babu ɗaure ciki da tarkacen da matan Turai ke fama da su a lokacin, kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya ya sa mata suna neman kayan da za su iya aiki da su. Ta biya Capel kuɗinsa. Shi kuma ya auri wata daban, sannan ya mutu a hatsarin mota a Disambar 1919. A 1921 ta fito da turaren nan Chanel No. 5.

To, yanzu mu zo kan sarƙa. A zamanin nan a Turai, kayan adon mace shaida ce ta dukiyar mijinta ko ta gidansu. Wadda ta sa na jabu ɓoyewa take yi, don in aka gane an gama da ita. Chanel kuwa tana da na gaske tuli. Ta yi soyayya da wani ɗan gidan sarautar Rasha, Dmitri Pavlovich, sannan ta shafe kusan shekara goma tare da basaraken Westminster, ɗaya daga cikin attajiran Ingila na farko-farko, wanda ya riƙa yi mata kyautar zumurrudu da yaƙutu da farin lu'ulu'un nan da ake cirowa daga teku. Sai ta riƙa haɗa na gasken da na gilashi a wuya ɗaya, igiya a kan igiya, a saman riga baƙa marar kwalliya, ta fita cikin manyan mutane. Wa zai ce da matar da basaraken Westminster ke bi ta sa na jabu don rashi? A ganina nan wayonta yake. Sai wadda kowa ya san tana da gwal ce za ta iya sa ƙarfe a yaba mata. Da 'yar gidan marayun nan ce ta yi haka tun tana Moulins, da dariya za a yi mata.

Wajen 1924 ta buɗe sashen ƙera kayan ado a kamfaninta, ta ɗora wani basarake, Étienne de Beaumont, a kai. Ita da kanta ba maƙeriya ba ce. Akwai wani gidan sana'a a Paris mai suna Gripoix, da suka ƙware wajen narka gilashi mai launi su zuba shi cikin ƙananan ramukan ƙarfe, in ya huce sai ka rantse yaƙutu ne. Su suka riƙa yi mata aiki. A 1927 wani basaraken Sisili, Fulco di Verdura, ya shigo kamfanin. Tare suka je garin Ravenna na Italiya suka ga hotunan da aka jera da ƙananan duwatsu a bangon wata tsohuwar coci, na sarauniyar Rumawa Theodora cikin adonta, kuma daga irin wannan ado na Rumawan gabas aka samo salon da har yau ake gane kayan Chanel da shi: manyan duwatsu masu launi, rawayan ƙarfe mai kauri. Verdura ne ya yi mata wasu faffaɗan awarwaro guda biyu farare da take sawa hannu bibbiyu. Ga wani abu da ya kamata 'yan'uwana mata su lura da shi: zanen da ke jikin awarwaron nan kuros ne, irin na Malta, kuma da yawa daga tsofaffin kayan adon gidan suna ɗauke da siffar kuros, wani a fili, wani a lulluɓe cikin duwatsu. Sai an duba da kyau.

Sau ɗaya ta juya ga dutse na gaske. A Nuwambar 1932, lokacin da karyewar tattalin arzikin duniya ta durƙusar da kasuwar daimon, dillalansa suka ba ta duwatsu ta tsara musu kayan ado. Ta baje su a gidanta da ke titin Faubourg Saint-Honoré, da siffar taurari da rana da gashin tsuntsu. Manyan masu sayar da kayan ado na Paris suka fusata, wai tela ta shigo musu gona, kuma a ƙarshe aka wargaza yawancin kayan aka mayar wa masu duwatsu abinsu.

Zuwa 1935 ma'aikatanta sun kai 4,000, yawancinsu mata masu ɗinki. A 1936 suka shiga yajin aikin da ya game Faransa, har suka hana ta shiga shagonta. Ba ta yafe musu ba. Da yaƙi ya ɓarke a 1939, ta rufe sashen ɗinki, dubban mata suka rasa abin yi, ta bar shagon turare da kayan ado kawai. Wadda ta taso da allura a hannu ke nan.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Da Jamus ta mamaye Paris, Chanel ta ci gaba da zama a otal ɗin Ritz, inda manyan hafsoshin Hitler suke, tare da wani jami'in leƙen asirin Jamus, Hans Günther von Dincklage. Takardun da aka buɗe daga baya, waɗanda ɗan jarida Hal Vaughan ya yi littafi a kansu a 2011, sun nuna hukumar leƙen asirin sojan Jamus ta yi mata rajista da lamba F-7124. Masu kare ta suna cewa ta yi ne don a sako ɗan yayarta, André Palasse, da Jamusawa ke tsare da shi, kuma an sako shi ɗin. Amma batun turare fa? Tun 1924 ta yi yarjejeniya da wasu 'yan'uwa biyu Yahudawa, Pierre da Paul Wertheimer: su ke da kashi 70 cikin ɗari na kamfanin turaren, wani ɗan kasuwa Théophile Bader na da 20, ita 10. Ta daɗe tana ganin an cuce ta. A 1941, da dokar 'yan Nazi ta haramta wa Yahudawa mallakar kamfani, sai ta rubuta wa hukuma tana neman a miƙa mata kamfanin duka. Ba ta yi nasara ba, don kafin su gudu Amurka sun riga sun damƙa shi a hannun wani Bafaranshe, Félix Amiot, wanda ya mayar musu da abinsu bayan yaƙi. Mu da muke zaune a matsayin 'yan tsiraru a ƙasa, ba sai an yi mana dogon bayani a kan abokin cinikin da ke jiran ranar da doka za ta juya maka baya ba.

A Satumbar 1944 aka kama ta aka yi mata tambayoyi, aka sake ta a ranar. Ba a taɓa gurfanar da ita ba. Ta koma Suwizalan ta yi shekaru. Abin mamaki, Pierre Wertheimer ɗin nan da ta so ta ƙwace wa kamfani shi ya ɗauki nauyin dawowarta a Fabrairun 1954, tana da shekara 70. Jaridun Faransa suka yi mata ba'a, Amurkawa kuwa suka yi rububin kayan. A wannan zangon ne ta samu wani matashin maƙeri, Robert Goossens, wanda ya riƙa haɗa mata tagulla mai ruwan gwal da dutsen ƙarau da gilashi, a salon Rumawa da Farisa da Masar ta dā. Ta rasu a ɗakinta na Ritz ranar Lahadi 10 ga Janairu 1971, tana da shekara 87, ba miji ba ɗa. An binne ta a Lausanne, da kawunan zaki biyar a jikin dutsen kabarinta. Kamfanin kuma har yau yana hannun jikokin Wertheimer.

Masu tara tsofaffin kayan nan suna da iliminsu, kamar yadda 'yar gwaggona ta nuna mini. Na farko-farko, na shekarun 1920 da 1930, yawancinsu ba su da sa hannu ko kaɗan, sai gwani ya duba aikin ya kwatanta da tsofaffin hotuna, kuma su suka fi tsada. Daga shekarun 1950 aka fara buga sunan a jiki. Bayan Karl Lagerfeld ya karɓi ragamar gidan a 1983, da Victoire de Castellane a sashen kayan ado, aka shiga yin manya-manyan sarƙoƙi masu harafin C biyu, su ne suka fi yawa a kasuwa yanzu. Daga 1993 ɗan farantin yana ɗauke da lambar shekara da harafin P ko A, wato kayan bazara ko na kaka. Suna duba nauyi, da yadda aka haɗa maɓalli, da tsabtar rubutun, don na jabu sun cika duniya. Jabun abin da shi kansa ba gwal ba ne! Sarƙar da ta tayar wa Gwaggo da hankali lambarta 94, ma'ana an ƙera ta shekara 23 bayan mai sunan ta shiga ƙasa.

Gwaggo ba ta karanta ko ɗaya daga cikin wannan ba, amma hujjarta ba ta wasa ba ce. A wurinta gwal kadara ce. Da 'yan kunnenta ta biya kuɗin asibitin mijinta, da awarwaronta ta kai ɗanta makaranta, kuma ko tsakar dare ta ƙwanƙwasa wa maƙeri ƙofa zai ɗora a sikeli ya ƙirgo mata kuɗi. Ga Obuasi nan kusa da mu inda ake haƙo shi. Ita kuwa waccan sarƙa, in ta-ɓaci ta zo, sai an nemo wanda ya san sunan, ya yarda da farantin, kuma yana da sha'awa a ranar. 'Yarta ta ce a can inda take irin waɗannan masu saye suna da yawa, kuma abin da ta saya shekara biyar da suka wuce ya ƙara kuɗi. Gwaggo ta ce a nan zango fa, wa zai saya?

Ni abin da na iya yi shi ne na ba ta labarin 1941, na kuma ce ta duba sauran da ke cikin akwatinta ko akwai mai kuros. Ta yi shiru, ta ce akwai guda ɗaya, za ta sayar da shi. Sarƙar dai ta koma da ita Turai, bayan Gwaggo ta sa ta yi alkawarin cewa kafin ta ƙara sayen wata, sai ta fara aiko da kuɗin 'yan kunnen gwal ko da giram biyar ne, a ajiye mata a gida.