JOHN DUNLOP, MAI TAYAR ISKA

Duk wanda ya tsaya a bakin Titin Zariya wajen Gyadi-Gyadi, ko kusa da kasuwar Tarauni, zai ga abubuwan hawa iri iri suna wucewa: ga motoci manya da ƙanana, ga babura, ga kekuna, ga a-daidaita-sahu. Kowannensu kuwa bisa tayar roba mai iska ya ke gudu. Mutumin da ya sa irin wannan taya ta bazu cikin duniya likitan dabbobi ne, sunansa John Boyd Dunlop.

An haife shi ran 5 ga Fabrairu, 1840, a wani ƙauye wai shi Dreghorn, cikin ƙasar Sikotlan, arewa da Ingila. Ubansa manomi ne. Da ya girma sai ya tafi birnin Edinburgh ya koyi maganin dabbobi. Cikin 1867 ya ƙetare teku zuwa tsibirin Ailan, daga baya ya zauna a birnin Belfast, ya yi suna ƙwarai wajen aikinsa.

Zamanin nan motoci ba su yaɗu ba tukuna. Hanyoyin Belfast da duwatsu aka shimfiɗa su. Ƙafafun keken doki ƙarfe a ke naɗa musu, na keken hawa kuwa roba ce daskararriya, ba iska cikinta. Saboda haka in ana tafiya sai ƙara ta cika kunne, mahayi kuma ya yi ta jijjiga har jikinsa ya yi tsami.

Dunlop yana da ɗa ƙarami, sunansa Johnnie, mai wani keke mai ƙafa uku. Cikin 1887 uban ya lura da wahalar da yaron ke sha bisa duwatsun nan, tausayi ya kama shi, ya shiga neman dabara. Ya sami fallen roba, ya naɗe shi ya manne, ya zama kamar hanji. Ya hura masa iska da famfon ƙwallo, ya ɗora shi a gefen wani faifan katako, sa'an nan ya rufe da ƙyalle mai ƙarfi, ya kafe da ƙusoshi. Da ya gama sai ya fita tsakar gida, ya gangara faifan nan, ya kuma gangara ƙafar keken ɗansa. Ƙafar keken ba ta yi nisa ba ta faɗi. Mai iskar kuwa ta yi ta gudu har ta bugi ƙofa ta komo. Ganin haka ya sa wa ƙafafun baya na keken irinta. A farkon 1888 yaron ya hau, ya ji tafiya ta yi laushi, ta yi sauri, ƙara kuma ta ragu.

Ga dalilin wannan. Iska tana matsuwa, ta kuma koma yadda ta ke. In daskararriyar taya ta taka tsakuwa, dole ƙafar duka ta yi tsalle, bugun ya isa jikin mahayi. Amma taya mai iska lotsawa ta ke yi, ta rungumi tsakuwar, ta wuce. Watau iskar ita ke shanye bugu tun bai kai ga mutum ba.

Cikin Disamba 1888 hukuma ta ba Dunlop takardar shaida cewa dabarar tasa ce. Da fari mutane dariya su ke wa tayar, don kaurinta. Amma cikin Mayu 1889 wani mai tseren keke, sunansa Willie Hume, ya shiga tsere da ita a Belfast, ya ci tsere huɗu rana ɗaya. Daga nan dariya ta ƙare. Cikin shekarar nan wani attajiri, Harvey du Cros, ya haɗa kai da Dunlop, suka kafa kamfani a birnin Dublin.

Ana cikin haka, a 1890, sai ga labari marar daɗi. Ashe tun 1845 wani mutumin Sikotlan, Robert William Thomson, ya riga ya ƙago taya mai iska. Har an gwada ta ga keken doki a Landan, an yaba da rashin ƙararta, amma ta yi tsada, aka manta da ita. Dunlop bai san da wannan ba sa'ad da ya yi tasa. Duk da haka takardar shaidarsa ta rasa ƙarfi. Bai daɗe cikin kamfanin ba ya janye, bai kuwa sami dukiya mai yawa daga gare shi ba, ko da ya ke sunansa kamfanin ya ci gaba da ɗauka. Ya rasu a Dublin ran 23 ga Oktoba, 1921, yana da shekara 81.

Tun yana da rai dabararsa ta kai ga mota. Cikin 1895 waɗansu 'yan'uwa biyu na gidan Michelin, a Faransa, suka shiga tseren mota da tayoyi masu iska. Sannu a hankali duk motoci suka koma kansu.

Abin da Dunlop ya gano shi ne har wa yau ke taimakon mai zaɓen tayar mota. Taya mai tsawon kumatu ta fi lotsawa, don haka ta fi laushi a hanya mai ramuka. Mai gajeren kumatu kuwa ta fi tauri. Taya mai manyan haƙora ta yi kyau ga laka da rairayi, amma a kan kwalta gunji ta ke yi. Mai ƙananan zane ta fi shiru cikin gari. In iska ta yi yawa, mota ta riƙa tsalle. In ta yi kaɗan, taya ta yi zafi, ta cinye da wuri, har ta kan fashe. Shi ya sa direba mai hankali ya kan tsaya wurin mai faci a auna masa iska, daidai da abin da masu ƙera motar suka rubuta.

Dunlop bai nufi neman suna ba. Wahalar yaro guda ya so ya rage, ya lura, ya gwada, sai amfanin ya game duniya.

TAMBAYOYI

1. Mene ne aikin Dunlop tun asali?
2. Me ya sa ya nemi sabuwar dabara?
3. Wa ya riga shi ƙago taya mai iska?
4. Wace irin taya ce ta fi shiru a kan kwalta?