Liyo Tolstoyi: Basaraken da Ya Juya wa Hukuma Baya

An haifi Liyo Tolstoyi a shekarar 1828 a Yasnaya Poliyana, gandun iyayensa da ke kusa da birnin Tula a ƙasar Rasha. Ɗan gidan sarauta ne, ya kuwa tashi maraya. Ya shiga Jami'ar Kazan a 1844, amma ya bar ta bai kammala ba. Daga baya ya shiga soja, har ya halarci yaƙin Kirimiya, inda ya ga yadda ake asarar rayukan talakawa a garin Sebastofol. A 1857 kuma ya ga an fille kan wani mutum a bainar jama'a a birnin Faris bisa hukuncin doka. Waɗannan abubuwa biyu su suka fara dasa masa shakka game da hukuma.

Duniya ta fi saninsa da manyan littattafansa na ƙagaggun labarai, watau Yaƙi da Zaman Lafiya da kuma Anna Karenina. Amma bayan ya kai shekara hamsin sai ya shiga wani hali na ƙuncin rai, wanda ya mai da shi ga Linjila, musamman huɗubar Annabi Isa ta bisa dutse. Daga nan ya fahimci cewa haramun ne a rama mugunta da mugunta. To, da yake kowace hukuma da soja da kurkuku take tsayuwa, sai ya yanke cewa mai bin wannan koyarwa bai kamata ya yi mata hidima ba.

A nan ne ya rabu da waɗansu masu ƙin hukuma na zamaninsa, waɗanda suka dogara ga bam da bindiga. A ganinsa, ƙarfin sarki daga biyayyar talaka yake fitowa. Saboda haka maganin zalunci shi ne mutum ya ƙi shiga soja, ya ƙi rantsuwar mubaya'a, ya kuma haƙura da duk abin da zai biyo baya. Ko da 'yan juyin juya hali suka kashe Sarki Alakzanda na Biyu a 1881, Tolstoyi ya rubuta wa magajinsa takarda yana roƙon a yafe musu. Ba a saurare shi ba.

Ya zayyana wannan aƙida cikin littafinsa Mulkin Allah Yana Cikinku, wanda aka buga a Jamus a 1894 domin an hana shi a Rasha. Bai tsaya ga rubutu ba. Da ƙungiyar manoman nan ta Dukobo suka ƙone makamansu a 1895 aka tsananta musu, ya ba da kuɗin littafinsa Tashin Matattu aka taimaka musu yin hijira zuwa Kanada. A 1901 Cocin Rasha ta fitar da shi daga cikinta.

Littafin nan na 1894 ya ratsa zuciyar Gandi a Afirka ta Kudu, har suka yi musayar wasiƙu daga 1909, kuma aka sa wa gonar mabiyan Gandi ta kusa da Johannasbag sunan Tolstoyi.

Babban abin da ya dame shi har tsufa shi ne zamansa cikin dukiyar da yake wa'azin a rabu da ita, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da matarsa Sofiya. A 1910 ya fice daga gida cikin dare, ciwon huhu ya kama shi a hanya, ya rasu a tashar jirgin ƙasa ta Astafobo yana da shekara 82.