Louis Agassiz: Masanin da ya karanta tarihin duniya a jikin duwatsu

An haifi Louis Agassiz ranar 28 ga Mayu, 1807, a ƙauyen Môtier na ƙasar Suwizalan. Ya yi karatu a Zurich da Heidelberg da Munich, ya sami digirin likita a 1830, sannan ya tafi Paris ya zauna a gaban shahararren masanin dabbobi Georges Cuvier. A 1832 aka naɗa shi farfesa a Neuchâtel, inda ya fara yin suna da bincike kan burbushin kifayen da suka daskare cikin duwatsu.

A wancan lokaci akwai wani abu da ya ɗaure wa masana kai: manyan duwatsu da ake tsinta a filayen Turai, nesa ƙwarai da tsaunukan da suka fito. Da yawa sun ɗauka ambaliya ce ta kwaso su. Injiniya Ignaz Venetz da Jean de Charpentier kuwa sun ce aikin kogunan ƙanƙara ne, wato tarin dusar ƙanƙara da ke daskarewa a kan tsauni, nauyinta ya sa ta riƙa gangarowa sannu a hankali. Agassiz ya ziyarci Charpentier a Bex a 1836 yana mai shakka, ya koma gida yana mai gaskatawa.

A 1837 ya tsaya gaban taron masana a Neuchâtel ya bayyana cewa an taɓa yin zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe yawancin arewacin duniya. Manyan malamai suka yi masa ca. Maimakon jayayya, sai ya hau kogin ƙanƙara na Unteraar ya kafa bukka, ya kakkafa turaku a jere. Bayan wani lokaci turakun tsakiya suka wuce na gefe, abin da ya nuna ƙanƙarar na tafiya kamar ruwan kogi. Littafinsa na 1840 ya zayyana sawun da take bari: zane-zanen da duwatsun da ke maƙale a ƙarƙashinta ke kankarewa a jikin fa, da tudun tsakuwar da take jibgewa inda ta narke. A shekarar ne kuma ya gano irin waɗannan alamomi a Sikotland, ƙasar da babu kogin ƙanƙara ko ɗaya.

Nasarar ta zo da tabo. Charpentier da Karl Schimper, wanda ya ƙirƙiro sunan Zamanin Ƙanƙara, sun ɓata da shi saboda suna ganin ya tauye musu haƙƙi.

A 1846 ya tafi Amurka, ya zama farfesa a Harvard, ya kafa gidan adana kayan nazarin dabbobi a 1859. A can ne ya yaɗa ra'ayin cewa baƙar fata da farar fata ba tushensu ɗaya ba, har ya sa aka ɗauki hotunan bayi a Carolina ta Kudu a 1850 don kare wannan iƙirari da kimiyya ta rushe. Saboda haka ne birnin Neuchâtel ya cire sunansa daga wani dandali a 2019.

Ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1873, a Cambridge ta jihar Massachusetts. Dutsen da ke kan kabarinsa daga kogin ƙanƙara na Aar aka ɗauko shi.