Tarihin C. V. Raman, Masanin Haske

An haifi Chandrasekhara Venkata Raman ran 7 ga Nuwamba, 1888, a garin Tiruchirappalli da ke kudancin Indiya. Mahaifinsa malamin lissafi ne da kimiyya. Raman yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, don yana ɗan shekara 16 ya sami digirinsa na farko a Madras.

A 1907 ya kama aikin gwamnati a ma'aikatar kuɗi a Kalkata. Albashi mai tsoka ne, amma zuciyarsa na wajen kimiyya. Da sassafe da kuma bayan an tashi aiki sai ya wuce ɗakin gwaje-gwaje. A 1917 ya ajiye aikin, ya zama farfesa a Jami'ar Kalkata, ko da yake albashin bai kai na da ba.

A 1921 ya je Ingila ta jirgin ruwa. Da ya dubi Bahar Rum sai ya tambayi kansa dalilin shuɗinta. Masana sun ce inuwar sama ce, shi kuwa bai gamsu ba. Ya koma gida ya duƙufa binciken yadda ruwa ke watsa haske.

Ran 28 ga Fabrairu, 1928, shi da ɗalibinsa K. S. Krishnan suka tabbatar da cewa idan haske ya ratsa wani abu, ɗan kaɗan daga cikinsa yakan fito da launi dabam. Kowane sinadari da irin canjin da yake yi, kamar yadda kowa ke da zanen yatsansa. Wannan ya jawo masa kyautar Nobel a 1930, shi ne mutumin Asiya na farko da ya same ta a fannin kimiyya. Ya rasu a Bangalore ran 21 ga Nuwamba, 1970.

Hasken da ya gano rauni gare shi ainun. Yau masana suna haɗa hasken lesa biyu don su ƙarfafa shi a cikin madubin likita. Ta haka suke ganin kitse da sauran sinadarai cikin ƙwayar halitta mai rai, ba tare da an zuba mata rini ba.

'Yan'uwana ɗalibai, dubban mutane sun ga tekun nan sun wuce, Raman ya tsaya ya yi tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kada mu ji kunyar ɗaga hannu a aji.