Brandon Lee, ɗan Bruce Lee da bindigar wasa ta kashe

Yau za mu waiwayi rayuwar Brandon Lee. Duk wanda ya taɓa zama gidan kallon bidiyo a Maradi ko Damagaram ya san mahaifinsa, Bruce Lee, sarkin ƴan kareti. Amma labarin ɗan, ba kowa ya san shi ba.

An haifi Brandon ranar 1 ga Fabrairu 1965 a Oakland, jihar Kalifoniya ta Amurka. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Hong Kong. Yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya rasu, a Yulin 1973, sai mahaifiyarsa Linda ta koma Amurka da shi da ƙanwarsa Shannon. Da ya girma ya koyi wasan kwaikwayo, ya fara fitowa a 1986. Daga nan ya yi Showdown in Little Tokyo a 1991, da Rapid Fire a 1992. Burinsa a san shi da aikinsa, ba da sunan uba kaɗai ba.

Fim ɗin The Crow ne ake ganin zai ɗaga shi. Ana ɗaukarsa a garin Wilmington, saura kwanaki kaɗan a gama, abin ya faru, ranar 31 ga Maris 1993.

To, yaya bindigar wasa ta yi kisa? A fim ana amfani da harsashi iri biyu. Akwai na nuni, mai kai amma babu albarushi, don kyamara ta gani. Akwai na ƙara, mai albarushi amma babu kai. Ma'aikatan fim ɗin ba su sayo na nuni ba, sai suka ɗauki harsasai na gaske suka zazzage albarushin, amma ɗan ƙyastun da ke gindi bai mutu ba. Da aka ja kunama, ƙarfinsa ya tura kan harsashi ya maƙale cikin bututun bindiga. Ba wanda ya duba. Bayan kwanaki aka saka na ƙara a wannan bindigar, aka miƙa wa ɗan wasa Michael Massee. Yana harbawa, albarushi ya fitar da abin da ya maƙale, ya sami Brandon a ciki. Likitoci sun yi wajen awa 6 suna aiki, amma rai ya yi halinsa. Shekarunsa 28, kuma an riga an sa ranar aurensa 17 ga Afrilu.

Laifin wa? Ƙwararren mai kula da makamai ba ya wurin a daren. Wanda ya loda bindigar bai leƙa bututunta ba. Shi kuwa Massee abin da aka ba shi ya harba. Hukuma ba ta gurfanar da kowa ba, amma mahaifiyar ta kai ƙara kan sakaci, aka sasanta a wajen kotu. An binne Brandon a Seattle kusa da kabarin mahaifinsa, fim ɗin kuma ya fito a 1994.

Darasin bai shiga kunnen kowa ba. A Oktoban 2021 harsashi na gaske ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins wurin ɗaukar fim ɗin Rust. A wannan karon kotu ta ɗaure mai kula da makaman wata 18.

Mu a nan, kiranmu ga matasanmu masu shirya fim, da maharba, da masu buga bindiga ranar biki: ajali na Allah ne, amma sakaci na mutum ne. Kowace bindiga a ɗauke ta tamkar tana da harsashi, a duba ta kafin a miƙa, kuma kada a saita ta ga mutum ko da wasa.