Waliyiya Josephine Bakhita: Baƙuwar da Ikilisiya Ta Tsaya Wa

Ranar 8 ga watan Fabrairu na kowace shekara Ikilisiyar Katolika a faɗin duniya takan tuna da Waliyiya Josephine Bakhita, 'yar ƙasar Sudan. Yawancinmu mun san ta da cewa baiwa ce wadda Allah ya 'yantar har ta zama Sista. Amma akwai wani sashe na tarihinta da ba a cika faɗa ba, wato yadda Ikilisiya ta tsaya mata sa'ad da take baƙuwa a ƙasar Turai, ba dangi ba dukiya, aka zo za a tafi da ita ƙarfi da yaji.

An haife ta wajen shekarar 1869 a wani ƙauye na Darfur, kusa da Nyala, cikin kabilar Daju. Darfur ba baƙon suna ba ne a ƙasar Hausa, gama ta can alhazan dā suke ratsawa da ƙafa zuwa gabas. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta. Tsananin firgita ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, sai ɓarayin suka sa mata Bakhita, wato mai sa'a a harshen Larabci. Aka yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu a El Obeid da Khartum. A gidan wani janar Baturke aka yi mata tsaga 114 a jiki, aka cusa gishiri a ciki.

A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta. Bai dake ta ba, amma bai 'yanta ta ba. A 1885 ya tafi da ita Italiya, ya miƙa ta ga iyalin abokinsa Augusto Michieli, ta zama mai renon 'yarsu Mimmina. Da iyalin suka sayi otal a Suwakin, bakin Bahar Maliya, uwargidan ta tafi can a ƙarshen 1888, ta bar Bakhita da yarinyar ajiya a gidan masu koyon katikisma na birnin Venis, a hannun Sistocin Canossa. Wanda ya kawo wannan shawara shi ne Illuminato Checchini, wakilin da ke kula da dukiyar iyalin. Ba Fada ba ne, ba mai mulki ba ne. Mai bi ne kamar kowannenmu, ya ga baƙuwa, ya ba ta ƙaramin gicciye, ya nema mata inda za ta ji labarin Yesu.

A 1889 uwargida Michieli ta dawo don ta ɗauki 'yarta da baiwarta su koma Sudan. Bakhita ta ƙi tafiya. Abin ya yi mata nauyi ƙwarai, domin tana ƙaunar yarinyar da ta goya, amma ta san in ta koma, baftismar da take shiri ta kuɓuce mata. Kwana uku uwargidan tana lallashi tana barazana, har ta nemi taimakon manyan mutane.

A nan ne Ikilisiya ta fuskanci gwaji. Abu mafi sauƙi shi ne a miƙa baƙuwar, a rabu lafiya da masu hali. Shugabannin gidan ba su yi haka ba. Ba su kuma ɓoye ta a ɗakin baya ko su fitar da ita da dare ba. Suka kai magana ga shugaban Ikilisiyar Venis, Kadinal Domenico Agostini, shi kuwa ya kai ta ga babban lauyan sarkin Italiya. Ranar 29 ga Nuwamba 1889 aka yanke hukunci cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, saboda haka Bakhita 'ya ce, ba mai ikon tilasta mata. Aka bar mata zaɓi, karo na farko tun ranar da aka sace ta, ta zaɓi zama.

Ranar 9 ga Janairu 1890 aka yi mata baftisma da sunan Josephine. A 1896 ta ɗauki wa'adin zama Sista, a 1902 kuma aka tura ta garin Schio, inda ta yi yawancin sauran kwanakinta tana dafa abinci, tana ɗinki, tana kula da kayan bagadi, tana tsaron ƙofa. Wadda aka buɗe wa ƙofa ita ta zama mai buɗe wa wasu. Ta yafe wa waɗanda suka azabtar da ita, ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947. Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana ta Mai Albarka a 1992, Waliyiya kuma ranar 1 ga Oktoba 2000. Tun 2015 ranar tunawa da ita ta zama ranar addu'a domin yaƙi da fataucin mutane.

Mu ma a wannan yanki mun san ɗacin korar baƙi. A 1969 gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka dawo gida hannu rabbana. A Janairun 1983 Nijeriya ta yi irin wannan, mutane fiye da miliyan ɗaya suka fita, da yawansu 'yan Ghana. Wanda ya yi kora yau, gobe shi ake kora. Jiharmu ta Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, mutanensu suna noma da ƙwadago da ciniki a cikinmu. Mu kuma mutanen Kanya da ƙasar Zuru, hare-haren 'yan bindiga irin na watan Maris 2022 sun koya wa da yawanmu yadda kwana a gidan wani yake.

To, me tarihin Bakhita yake koya mana in aka kama baƙon da ke zaune cikinmu, ko aka ce za a mayar da shi? Da farko mu san baƙinmu tun kafin ranar wahala, kamar yadda Checchini ya yi. Katikis da Zumuntar Mata su san sunansu da inda suka fito. Mu saurari abin da baƙon kansa yake so, kada mu yanke masa shawara. Mu taimake shi ya nemi takardun zama ta hanyar da ta dace. In an tsare shi, kada a bar shi shi kaɗai: a sanar da Fada, a je ofishin jami'an shige da fice da rana tsaka, a nemi lauya ta hannun hukumar adalci da zaman lafiya ta dayosis, a ciyar da iyalinsa. Kada mu ba da cin hanci, kada mu yi ƙarya, kada kuma mu fake wa mai laifi. Gwamnati tana da ikon tsare iyakarta, amma baƙo ma yana da hakki a gaban doka, Kirista ne ko Musulmi, kuma sau da yawa ba zai same shi ba sai wani ya tsaya a gefensa.

Mu tuna cewa Ubangijinmu da kansa ya yi gudun hijira zuwa Masar yana jariri, ya kuma gargaɗe mu a Matiyu sura 25 cewa a ranar shari'a za a tambaye mu yadda muka karɓi baƙo. Allah ya ba mu ƙarfin hali irin na Sistocin Venis. Waliyiya Josephine Bakhita, ki yi addu'a dominmu da dukan baƙin da ke cikinmu. Amin.