Ɗanmaraya Jos: Mawaƙin da Ya Kai Yabo Ga Marasa Sarauta

Ranar Asabar, 20 ga watan Yunin 2015, ana cikin kwanakin farko na azumin Ramadan, Allah Ya yi wa Alhaji Dakta Adamu Ɗanmaraya rasuwa a garin Jos, bai kai ga cika shekara 70 a duniya ba. Ya bar waƙoƙi masu ɗimbin yawa da har yau ake saurare, ya bar lambobin girmamawa na ƙasa, ya kuma bar wani ɗan abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya wanda ake haɗawa da gwangwanin kifi. Duk mai neman fahimtar rayuwar wannan bawan Allah, daga kan gwangwanin nan ya kamata ya faro, domin shi ne ya ba shi abin da makaɗan fada ba su samu ba, wato 'yancin zaɓar wanda zai yaba da abin da zai faɗa.

Haihuwa da maraici

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a garin Bukuru, 'yar tafiya kaɗan kudu da Jos. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, amma Allah bai nufi yaron zai tashi a gabansa ba, domin ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa. Mahaifiyar ita ma ba ta daɗe ba ta bi mijinta, alhali ɗan nata yana jariri. Sarkin ne ya ɗauki riƙonsa, kuma daga wannan rashi biyu ya samu laƙabin da ya shafe sunansa na yanka, har duniya ta san shi da Ɗanmaraya.

Bukurun da ya buɗe ido a cikinta garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka kafa sansanonin haƙar kuza a kan tudun Filato. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso yankin, a 1927 kuma babban layi daga Fatakwal ya ɓullo ta Kafanchan. Daga 1942 zuwa 1944, bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin mulkin mallaka ta kwaso dubban mutane daga lardunan Arewa ta tilasta musu aikin haƙa. Sakamakon haka, ƙasar Birom da Anaguta da Afizere ta cika da baƙi: Hausawa, Fulani, Barebari, Tibi, Yarabawa, Ibo, Urhobo da sauransu. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na ramin kuza. Yawancin mutanen nan sun baro sarakunansu da danginsu a gida, abin da ke gabansu shi ne albashin mako, kuɗin haya, da yadda za a kai gobe. Irin waɗannan mutane ne suka zama masu sauraron Ɗanmaraya na farko, kuma su ne ya yi ta waiwaya har ƙarshen rayuwarsa.

Kuntigi

Tun yana ƙarami ya nuna sha'awar kiɗa, yana bin makaɗan gari yana naɗar salonsu. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri, kafin ma ya balaga, ya ga makaɗan can sun burge shi, sai ya haɗa wa kansa kuntigi. Daga nan bai sake rabuwa da shi ba.

Kuntigi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne na dangin molo da garaya da gurmi, sai dai tsarkiyarsa ɗaya ce tak. Ana samun gwangwanin kifi mai siffar ƙwai, a rufe bakinsa da fatar akuya, a zura sanda, a ɗaura tsarkiya. Hannu ɗaya na kaɗawa, ɗayan na danna tsarkiyar a wurare daban-daban don sauya amo. Babu tsada a haɗa shi, babu nauyi a ɗauke shi, kuma a idon mutanen wancan zamani ba shi da wata daraja. Tambari na sarki ne, kotso da taushi da jauje na fada ne, kalangu ma yana da mahauta da gidajen biki. Kuntigi kuwa na 'yan bariki ne da samari da masu yawon dare. Amma Hausawa na cewa kada a raina allura, ita ma ƙarfe ce.

Domin a gane abin da ya yi, sai a dubi yadda kiɗan Hausa yake a lokacin. Ibrahim Narambaɗa yana tare da Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi yana fadar Sarkin Musulmi, Mamman Sarkin Taushi yana fadar Katsina. Kowannensu yana da ubangida, yana da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, kuma dukkan wannan tawaga daga kyautar ubangida take ci. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Ko Mamman Shata, wanda bai ɗaure kansa ga fada ɗaya ba, yana tafiya ne da ayarin masu kalangu da 'yan amshi. Ɗanmaraya shi kaɗai ne ƙungiyar kansa: shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, tsarkiyar ce take yi masa amshi. Wanda ba ya ciyar da tawaga ba ya buƙatar jiran doki da riga daga hannun basarake. Taron mutum ashirin a tashar mota, ko a zauren wani ƙaramin otal, ya ishe shi cin abincin ranar.

Daren Jos

Jos ta shekarun 1960 da 1970 gari ne mai raya dare. Ma'aikatan kamfanonin kuza, ma'aikatan jirgin ƙasa, sojoji, direbobi da malaman ofis duk suna neman inda za su huta bayan an tashi aiki. Otal-otal da kulob-kulob da gidajen rawa suka yawaita, musamman bayan garin ya zama hedikwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, sannan ta Jihar Filato a 1976. A irin waɗannan wurare ne ƙungiyoyin samari masu jita da ganguna da ƙahonin Turawa suke kaɗa hailaif da sauran kaɗe-kaɗen da suka shigo daga Legas da Ghana da Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Sahara All Stars ta Jos, ta fitar da faifai a tsakiyar shekarun 1970, wanda masu tattara tsofaffin kaɗe-kaɗen Afirka a Turai suka sake bugo wani abu daga cikinsa bayan shekaru fiye da 30.

Cikin wannan hayaniya ta lasifika da wutar lantarki mai kuntigi ya nemi nasa gurbin, kuma ya samu. Dalili shi ne ƙaramin wuri yana da nasa hukunci. A fada, idan sarki ya yi murmushi an gama. A ƙaramin zaure kuwa, mai sauraro yana gaban mawaƙi taku biyu, bai san shi ba, ba ya jin nauyinsa, in waƙar ba ta taɓa shi ba sai ya juya ya ci gaba da hirarsa. Wannan makaranta ce ta koya wa Ɗanmaraya gajarta zance, saurin kai wa ga manufa, da Hausa mai sauƙi wadda Bayarabe mai shago da Birom mai aikin kuza za su fahimta kamar yadda Bakano zai fahimta. Da gidan Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya fara yaɗa waƙoƙinsa, sai muryar ta tsallaka har Nijar da Kamaru da Ghana. Faifan garmaho da kaset suka ƙarasa aikin.

Waɗanda ya yaba

Waƙar da ta fi bayyana halinsa ita ce ta Karen Mota. Karen mota shi ne yaron direba, wanda ke kwana a ƙarƙashin babbar mota, ya sauya taya in ta yi faci, ya sa waigi a kan gangare, ya tura in ta ƙi tashi, ya loda kaya ya sauke. Sunan ma kansa raini ne. Ɗanmaraya ya ɗauki salon da aka tanada domin 'ya'yan sarauta da attajirai, ya shimfiɗa shi a kan wannan yaro mai riga duk baƙin mai, ya nuna cewa tafiyar da mai mota ke alfahari da ita ba ta yiwuwa sai da shi. Makaɗan sana'a sun daɗe suna yi wa manoma da maƙera da 'yan dambe kiɗa, amma waɗannan sana'o'i ne na gado masu sarautunsu. Karen mota ba shi da gado, ba shi da sarki, ɗan zamanin kwalta ne, kuma sai da aka samu mawaƙin garin bariki kafin a ga ya cancanci waƙa.

Haka ya bi sauran al'amuran talaka. A cikin Mai Akwai da Babu ya dubi zaman mai hali da mara hali. A cikin Jawabin Aure ya jero illolin saki, ya ja hankalin ma'aurata su nemi sulhu kafin a kai ga rabuwa. A cikin Auren Dole ya soki al'adar aurar da yarinya ba tare da an ji ta bakinta ba, a zamanin da ba kowane namiji ne zai iya furta hakan a bainar jama'a ba. A cikin Gulma Wuya kuwa ya nuna wata baiwa ta daban: yana sauya murya daga ta wannan zuwa ta wancan, yana kwaikwayon yadda mai gulma ke shiga tsakanin mutane ta wargaza su, har mai sauraro ya ji kamar wasan kwaikwayo ne ake yi da mutum uku ko huɗu, alhali mutum ɗaya ne da gwangwaninsa. Wannan ya sa masana suka ɗauke shi da muhimmanci. Farfesa Graham Furniss na Jami'ar Landan ya yi nazarin waƙoƙinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, ɗalibai kuma sun rubuta kundaye a kansa a jami'o'in Najeriya.

Yaƙi da hukuma

Ɗanmaraya yana da shekara 20 da 'yan watanni lokacin da Yaƙin Basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Jos ta riga ta ɗanɗani ɗacin rikicin tun kashe-kashen 1966, lokacin da 'yan kabilar Ibo da dama suka bar garin. A tsawon yaƙin, wanda ya ƙare a watan Janairun 1970, ya yi waƙoƙi masu yawa na ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya ƙarƙashin Janar Yakubu Gowon, yana zana fagen daga da kalmomi kamar mai sauraro yana gani. Waɗannan waƙoƙi ne suka kusanta shi da hukuma, kuma kusancin ya ɗore. Gwamnatoci na soja da na farar hula sun riƙa gayyatarsa tarukansu, ya wakilci Najeriya a ƙasashen waje, an ba shi lambar girmamawa ta ƙasa ta MON, sannan ta OON, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Saboda haka ba za a ce bai taɓa yi wa manya waƙa ba. Ya yi musu, ya kuma karɓi kyautarsu kamar kowane mawaƙi. Abin lura shi ne bai koma bawan gidan kowa ba, bai sauya kuntigi da wani abin kiɗa mai ƙayatarwa ba, kuma bai bar Jos ba. Da ya samu ɗaukaka yana iya komawa Kaduna ko Legas, ko daga baya Abuja, inda kuɗi da manyan taruka suke. Sai ya zauna a garin da ya liƙa wa sunansa, har aka kai matsayin da ba a ambaton Ɗanmaraya ba tare da an ambaci Jos ba.

Garin da ya sauya

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da lokacin da Jos ta shiga jarrabawa. Rikicin watan Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, sun ci rayuka masu yawa, suka raba unguwanni bisa addini. Dokar hana fita da tsoron dare suka rage zirga-zirga, mutanen da a da suke haɗuwa a zaure ɗaya don sauraron kiɗa suka koma kowa yana tsoron tsallaka titi zuwa unguwar ɗan'uwansa. Garin bai daina haifar mawaƙa ba. Tagwayen P-Square, da M.I Abaga, da ƙaninsa Jesse Jagz, da Ice Prince duk a Jos suka tashi, a makarantunta da majami'unta da ƙananan dandamalinta suka koyi tsayuwa gaban jama'a. Sai dai dukkansu a Legas suka yi suna. Jos ta zama mai raino, wasu na cin moriya.

A nan ne tarihin Ɗanmaraya ya shafi masu riƙe da alƙalamin gwamnati. Lambar girmamawa tana zuwa ne bayan mawaƙi ya riga ya girma. Abin da ke haifar da shi kuwa ƙananan abubuwa ne da ba a cika sa su a kasafin kuɗi ba: gari mai zaman lafiya da dare, ɗan zauren da matashi zai gwada muryarsa gaban baƙi, gidan rediyon da zai ba shi fili ba tare da ya san kowa ba. Haka kuma waƙoƙinsa da na tsararsa suna warwatse a tsofaffin faya-fayan gidajen rediyo da kaset-kaset na masu sha'awa, kuma zaren kaset ba ya jiran kowa. An sanya hannu kan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, amma doka ba ta kare abin da ya riga ya ruɓe a cikin sito. Tattara su, da mayar da su na'urar zamani, da tabbatar da cewa magada suna samun haƙƙinsu, aiki ne da bai fi ƙarfin hukumomin al'adu da na yaɗa labarai na tarayya ba.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan kusa. Kowace ma'aikata tana da nata karnukan motar: masinja, direba, mai shara, akawu, da mataimakin da ke kwana yana rubuta jawabin da wani zai karanta a tafa masa. Maraya daga Bukuru ya kafa suna ne a kan lura da irin waɗannan mutane, ya kira su da sana'arsu, ya ba su girman da ba wanda ya taɓa ba su. Allah Ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos da rahama, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya kuma dawo wa garinsa da zaman lafiyar da ya tashi a cikinsa.